Shekarar da Firizar Inna Ta Mutu

Ummi, ranar da kika kawo mai sayen tsofaffin ƙarafa har tsakar gida, kika nuna masa firizar nan kina cewa ta tare hanya, na kore shi ban gaya miki dalili ba. Kin yi fushi, na gani. Kin shige ɗaki kina gunaguni da Yarbanci, wai don in kin yi sauri ba zan kama ba. A nan Sabo, tsakiyar ƙasar Yarbawa, aka haife ni, yarinya, Yarbancin da na manta ya fi wanda kika sani. To ga dalilin nan zan rubuta, ke da 'yan'uwanki ku karanta, ku daina kallona kamar tsohuwar da ta fara tara tarkace.

Labarin da kuka taso da shi shi ne Mama ta kashe firizar Kaka da kwamfutarta. Duk Sallah sai waninku ya ɗauko shi, a yi dariya, ni ma in yi. Amma na ji an fara ƙara masa gishiri a unguwa, wai ba ma ga maciji da surukata, wai da gangan na yi. Wannan kam ba zan bari ya bi ni kabari ba. Firiza ta mutu, gaskiya ne. Ta dalilina ta mutu, wannan ma gaskiya ne. Amma ba hannuna ne a kan makunnin ba.

Kafin in auri babanku, ina aiki a wani ɗan ofis a saman shagon taya a Mokola, wajen wani Bayerabe da muke kira Oga Lekan. Lokacin ne wayar hannu ta fara shiga aljihun kowa, har da direbobin manyan motoci. Ni na rubuta masa manhajar da ke karɓar saƙon tes daga direba, cewa ga shi ya wuce Ilorin da tumatir ko albasa, ta rarraba wa dillalai da masu saye a kasuwannin Shasha da Bodija, kowa ya shirya kafin mota ta iso. Aikin ba wani babba ba ne a idon duniya, amma nawa ne, daga farkonsa har ƙarshensa, kuma ina son sa fiye da yadda zan iya faɗa muku. Da maganar aure ta taso na san abin da ke gabana. A Sabo matar aure ba ta fita da safe ta dawo da yamma, sana'arta a ɗakinta take. Ba wanda ya matsa mini, a haka na ga uwata, a haka na ga maƙwabta. Tambayata ɗaya ce, ko sana'ata za ta iya shiga ɗaki kamar ta sauran mata. Oga Lekan ya yarda a kan gwaji. Aka ɗauko kwamfutar da ke riƙe da aikin duka, aka ajiye ta a kusurwar ɗakina kusa da jeren kwanuka, aka kafa mata dogon ƙarfen kama saƙo a saman rufi.

Inna, wato mahaifiyar babanku, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon masu haɗa wayoyi, hannu a ƙugu. 'Yar ƙarama ce, ku da kuka riske ta kun sani, amma in ta yi magana a tsakar gida ana jin ta a bakin titi. Tun ranar da aka kawo ni take kirana Iyawo, yadda Yarbawa ke kiran amarya, kuma ba ta canza ba har na yi furfura.

"Iyawo, wannan talabijin ɗin ba ya magana ne?"

Na ce, "Ba ya yi, Inna. Rubutu yake yi."

"To Allah ya sa ya fi mai shi yawan cin abinci. Ki fito ga tuwo."

Ita ma tana da nata akwatin. Firizar nan ta saye ta bayan rasuwar mijinta, da ita ta riƙe babanku da ƙannensa. Ƙanƙara a leda, zoɓo, kunun aya, duk daga cikinta suke fita, masu shaguna da masu shayi su yi sallama a zaure su karɓa. Tana goge ta kullum da safe kafin ta goge fuskarta. Wani mai gyara ya taɓa gaya mata cewa injin firiza yana son hutu, in an kashe shi kada a kunna sai ya huce, ta riƙe maganar kamar karatu. Duk wanda ya taɓa filogin nan ba da izininta ba, ranar sai ya gane kurensa.

Shekara ta farko lafiya lau. Na haifi yayanku, ina ba shi nono da hannu ɗaya ina danna madanni da ɗayan. A shekara ta biyu ne abin ya fara. Babanku, da yake dillalin albasa ne a Shasha, shi ya fara kawo mini labari. Ya shigo da yamma yana cire takalmi, yana wannan murmushin nasa na mai ɗauke da mugun labari.

"Injiniya, yau ma akwatinki ya haɗiye saƙo. Motar tumatir ta iso tun hantsi, rabin mutane ba su ji ba. Sai da ta fara ruwa."

"Malam, ba ya haɗiye saƙo."

"To ya ajiye shi a kumatu. Ni dai an zage ni a kasuwa saboda ni ne mijin mai akwati."

Na duba, gaskiyarsa ce. Saƙonni sun shigo, manhajata ta ɗauki kaɗan ta zubar da sauran, kamar an ce mata babu wurin ajiya. Na kashe ta na sake kunnawa, ta dawo garau. Bayan 'yan kwanaki ta sake. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba abin da na tsana kamar ciwon da ke warkewa da kansa ba ka san me ya kawo shi ba.

Bari in yi muku bayanin da ba ku taɓa tsayawa kun saurara ba. A can cikin kowace kwamfuta akwai abin da ake kira kanel, shi ne mai gidan, shi ke raba wa kowace manhaja wuri da lokaci. Yana da saiti iri-iri da mai na'ura zai iya juyawa, ɗaya daga ciki shi ne yawan saƙonnin da za a bari su jeru suna jiran a karanta su. Ni da kaina na ɗaga wannan saitin sama sosai, don na san yadda direbobi ke turo saƙo a tare da asuba. Manhaja ba ta zuwa wajen kanel kai tsaye. Akwai laburare, wato tarin ƙananan ayyuka da wasu mutane a ƙasashen waje suka rubuta suka bar wa kowa kyauta, shi ne dillali a tsakani. Manhajata ta tambayi laburare saƙo nawa aka yarda ta jera, laburare ya leƙa wata taga da kanel ke baje saitinsa, ya karanto, ya kawo mata amsa. Shi ke nan. Abin da ya hana ni barci shi ne duk lokacin da na je tagar nan da kaina na tambaya, kanel babban adadin da na saka yake ba ni. Amma manhajata tana aiki kamar wadda aka ba ɗan ƙaramin adadi.

Na zargi kaina da farko, na bi rubutuna layi-layi har idona ya yi ja, ban ga komai ba. Sai na lura abin ba ya faruwa sai bayan an ɗauke wuta. Batirin da ke riƙe kwamfutar ba ya jimawa, kafin a je a ja janareto ta riga ta mutu, sai ta tashi daga farko. Na ce madalla, na kama shi. Na riƙa zare filoginta ina mayarwa, safe da rana, ina jiran ciwon ya fito. Ko gezau. Kamar tana yi mini gwalo.

Ana saura kaɗan azumi Inna ta tafi Kano ta'aziyyar wata ƙawarta. Ta kwashe kayan firiza ta sayar, ta wanke ta, ta zare filogi, ta rufe ta da tsohon zane. Duk zamanta a can an yi ta ɗauke wuta kamar kullum, amma saƙo ko ɗaya bai ɓata ba. Babanku har ya sayo mini tsire wai na murnar gyara. Na ci tsiren, amma na gaya masa ban gyara komai ba, kuma abin da ban gyara ba zai dawo. Inna ta dawo, ta cika firizarta don azumi. Washegari da rana ina zaune a tsakar gida ina shayar da yayanku aka ɗauke wuta. Aka ja janareto, Inna ta juya hannun canjin wutar da ke jikin bangon ɗakinta. Na ji firizar ta yi wannan nishin nata mai nauyi, na ga ƙwan fitilar baranda ya dushe kamar zai mutu sannan ya farfaɗo. Na sha ganin haka, ban taɓa kula ba. Ranar na kula. Na saɓa yaro a kafaɗa na ruga ɗaki, na tarar da manhajata tana zubar da saƙo.

Ashe idan firiza da kwamfuta suka tashi a tare a kan janareto, firizar takan fizgi wuta, faifan ajiyar kwamfutar ya yi tuntuɓe kafin ya daidaita. Wannan na gane. Abin da ban gane ba shi ne me ya haɗa tuntuɓen faifai da adadin saƙo, tunda na'urar tana tashi lafiya daga baya.

Na gaya wa Oga Lekan, don ban iya ɓoye-ɓoye a aiki ba. Ya zo da kansa, ya zauna a zaure da babanku, ni ina tsaye daga ciki bayan labule. Mutumin kirki ne, ya zo wa yaro da biskit, amma 'yan kasuwa sun ci masa mutunci a waya har ya gaji.

"Madam, pele, yi haƙuri. Ke da bakinki kin faɗa, firiza ce. Gida gida ne, ofis ofis ne. Bayan Sallah zan turo a ɗauke na'urar a mayar Mokola. In za ki riƙa zuwa, kujerarki na nan. In ba za ki iya ba, sai in nemi wani."

Na ce, "Oga, firiza ba ta san adadin saƙo ba. Wuta ta yi rawa, na yarda, amma na'urar da ta tashi ya kamata ta tashi da hankalinta. Akwai aibi a cikin tsarin. Sababbin na'urorin da kake shirin kafawa a kasuwa, kusa da injinan niƙa da ɗakunan sanyi za ka kafa su. Abin da ya same ni zai same su."

"Nuna mini aibin in gani da idona, sai in bar miki. In ba haka ba, bayan Sallah."

Da ya tafi babanku ya shigo ya same ni na zauna a bakin gado. Ya kawo shawara irin ta mutumin da ke son matarsa ta daina kuka.

"To a riƙa zare firizar kafin a juya wuta mana. Kwamfuta ta tashi, sannan a mayar. Magana ta ƙare."

"Malam, in na yi haka na yarda ke nan gidan ne matsalar. Ranar da wani ya manta, ko ina banɗaki, tumatir ya sake ruɓewa, Oga ya aiko da mota. Ba lallaɓa shi nake so in yi ba, kama shi nake so in yi."

"Me zai sa ki kama shi?"

Amsar ba ta faɗuwa a gidan nan. Ciwon ba kullum yake fitowa ba, sai an yi ta maimaitawa, kuma ɗaukewar wutar gari ba za ta ishe ni kafin Sallah ba. Na riga na gwada da dutsen guga, na gwada da fanka, ba su fizgar wuta irin ta firiza. Aron firiza kuwa a cikin azumi, ko 'yar'uwarka ba za ta ba ka ba. Sai dai a yi ta kashe ta Inna ana kunnawa, a watan da ƙanƙara ta fi kowane kaya daraja a Sabo.

Ashe tana tsakar gida tana tsince zoɓo, kuma kun san kunnen Inna.

"Iyawo, fito nan. Ina jin kina ta kewaye-kewaye. Me kike so da firizata?"

Na fito na durƙusa na gaya mata komai. Ban rage ba. Na tuna mata maganar mai gyara, na ce injin ya tsufa, yana iya ƙonewa, kuma ni ban roƙe ta ba, ba zan roƙe ta ba. Ta ci gaba da tsince zoɓonta.

"In ba a yi ba, mutumin nan zai ɗauke akwatinki?"

"Zai ɗauke, Inna."

"Ina da keken ɗinki lokacin da nake kamarki. Wan mijina ya shigo wata rana ya ce za a ara wa matarsa, aka fita da shi ina kallo, bai dawo ba. Na shekara ina share wurin da yake. Kullum in na farka hannuna ba shi da abin yi, har mutanen gida na daina so. Ba za a fitar wa wata mace da sana'arta daga gidan nan ina raye ba. Gobe bayan azahar. Amma ni zan riƙe makunnin, kar wani ya taɓa mini."

Haka muka yi ta yi a goman ƙarshe na azumi, da rana tsaka, baki a bushe. Babanku yakan baro kasuwa da wuri ya tsaya wajen janareto a bayan gida. Inna ta ja kujerarta 'yar tsugunne ƙarƙashin hannun canjin wuta, ta ɗaura ɗankwali tamau kamar mai shirin dambe. Ni ina ɗaki gaban allo, na saka wata 'yar manhajar sa-ido da ke rubuta duk tambayar da laburare ya yi wa kanel da amsar da ya samu. In ce, "Inna, kashe." Gida ya yi tsit. Mu jira firiza ta huce, tana jan carbi. In ce, "Inna, kunna." Firiza ta yi nishi, fitila ta dushe, in zuba wa allo ido.

Kwanakin farko ciwon ya ƙi fitowa sam. Na rasa inda zan sa kaina, ga ƙanƙarar Inna ba ta daskarewa yadda ya kamata, masu shayi sun fara ƙorafi a zaure. Daga baya na gane abin sa-idon nawa ne ya yi nauyi, yana jinkirta tashin manhajata, jinkirin kuma yana ɓoye ciwon. Na rage masa kaya har ya zama ba ya rubuta komai sai abin da ya shafi tagar saiti. Inna ta leƙo ta ga fuskata.

"Wai har yanzu ɓarawon bai fito ba?"

"Ya ga fitila ne, Inna. Na rage ta."

"To rage. Ni dai ƙafata ta fara sanyi."

Saura kwana kaɗan Sallah, wajen la'asar, ta kunna, na duba, sai ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro. Wallahi sai da na karanta na sake karantawa. Saboda tuntuɓen faifai, tsarin ya makara wajen buɗe tagar da kanel ke baje saitinsa, manhajata kuwa ta riga ta tashi. Ta tambayi laburare, laburare ya je ya tarar da taga a rufe. Maimakon ya dawo ya ce bai samu ba, sai ya ɗauko wani ɗan ƙaramin adadi da aka rubuta a cikinsa tun zamanin da, ya miƙa mata kamar daga bakin kanel ya fito. Bai tsaya nan ba, ya haddace wannan amsar, duk tambayar da aka sake yi masa ita yake maimaitawa, ko da taga ta buɗe bayan ƙiftawar ido. Waɗanda suka rubuta shi ba mugaye ba ne. A garuruwansu wuta ba ta rawa, taga kullum a buɗe suke samunta, ba su taɓa ganin wannan hanyar ba.

Na fita tsakar gida ina bayani. Babanku ya saurara yana goge man janareto a hannu.

"Tsaya. Dillali ya je bai sami mai kaya ba, ya yanko farashi daga kansa, ya ce mai kaya ne ya faɗa? Kuma mai kaya ya dawo bai koma ya tambaya ba?"

"Haka fa, Malam."

"Tabɗi. A Shasha ko kwana ɗaya ba zai yi ba."

Gyaran bai fi tafin hannu ba. Na yi wa laburaren faci, in ya tarar da taga a rufe ya faɗi gaskiya cewa bai samu ba, kuma kar ya haddace abin da bai ji daga kanel ba. Manhajata kuma na koya mata ta ɗan dakata ta sake tambaya. Na gama da hantsi washegari, na ce wa Inna an gama, Allah ya saka da alheri, firiza ta huta. Tun jiya nake jin nishinta ya canza, yana ja kamar na mai asma, kuma na san ita ma ta ji.

"Kin gwada gyaran?"

"Na san zai yi, Inna. Na karanta shi."

"Karatu daban. Ni ban taɓa sayar da zoɓon da ban ɗanɗana ba, ko da azumi sai na jira magariba na sa a bakina. Mutumin nan cewa ya yi ki nuna masa. In ya zo ya ce a kunna a gabansa abin ya ba ki kunya fa?"

"Injin ya gaji, Inna. Kina ji."

"Na fi ki jin sa, shekarunsa a gidan nan sun fi naki. Kira mijinki."

Na yi gardama, Allah shaida ne, har na ce ba zan zauna gaban allon ba. Ta kalle ni irin kallon da take yi wa mai shayin da ya zo da tsohon zance, na shiga ɗaki na zauna. Ta kashe, ta kunna. Taga a buɗe, ba abin da za a gani. Ta sake, haka. Muna ta yi, rana tana tafiya, ga masu saye sun fara taruwa, sai ta daina jiran ya huce. Na ce mata ta jira, ta ce in kula da akwatina ta kula da nata. Can sai ga shi a allo, laburare ya tarar da taga a rufe, ya ce bai samu ba, manhajata ta dakata, ta sake tambaya, ta karɓi babban adadin. Na buɗe baki zan yi kabbara sai na ji wari kamar na ƙonannen roba. A tsakar gida firiza tana ƙas, ƙas, ƙas, daga nan ta yi shiru.

Na fito na tarar da Inna tsaye ta ɗora tafin hannunta a kan murfin. Ba ta juyo ba.

"Ya yi?"

"Ya yi, Inna."

"To alhamdulillahi. Ku zo mu kwashe ƙanƙarar nan a raba wa maƙwabta kafin ta narke, yau kowa ya sha ruwa da sanyi."

Ni kuka na yi, irin na majina, ita ce ma take ce mini in tashi ana kallona.

Oga Lekan ya zo bayan Sallah da motar ɗaukar kaya. Na miƙa masa rubutun sa-idon ta bayan labule, na ciwon da na gyaran. Ya daɗe yana karantawa, sannan ya sallami direban. Kwamfuta ta zauna a ɗakina, da ita da waɗanda suka gaje ta, har na yi ritaya, da wannan aikin kuka yi karatu ku duka. Firiza kuwa mai gyara ya ce injin ya tafi, kuma irinsa ya daina zuwa. Babanku ya sayo sabuwa bayan 'yan watanni, amma kafin nan masu shayi da masu shaguna sun saba da wani gida a layin baya. Inna ta ce dama ta gaji, a bar sabuwar ta zama ta gida. Ban yarda ta gaji ba, har yau ban yarda ba. Na sha ganinta da safe tana goge murfin tsohuwar, bayan ta zama wurin ajiye shinkafa. Ta ba da sana'arta don tawa ta zauna, kuma ba ta taɓa goranta mini ba ko a cikin faɗa, mu kuwa mun yi faɗa, kar ku ɗauka waliyyai ne mu.

Saura abu ɗaya. Na aika facin ta imel wa masu kula da laburaren, don kar wani a wani gari ya sha abin da na sha. Suka yi ta tambayoyi, wani ma ya ce bai taɓa jin firiza a rahoton aibi ba, daga ƙarshe suka karɓa. A al'adarsu, ƙarƙashin kowane gyara akan rubuta sunan wanda ya rubuta shi, da sunan wanda ya gwada. Suka tambaye ni wa ya gwada. Kun san tarbiyyarmu, ban taɓa furta sunan Inna ba tun da na shigo gidan nan, ko a bayan idonta. Na zauna ina kallon madanni kamar zai cije ni. Na ce a raina rubutu ai ba furuci ba ne, na runtse ido na danna shi harafi-harafi na aika.

Babanku, da bakinsa ba ya riƙe magana, ya je ya gaya mata. Sai ga ta a ƙofar ɗakina, ta shigo ta zauna a bakin gado, abin da ba ta cika yi ba.

"An ce kin sa ni a cikin talabijin. Karanta mini in ji."

Na karanta mata ina fassarawa, bayanin taga, bayanin faci, sunana. Na zo layin ƙarshe na ce, "Wadda ta gwada," na tsaya.

"Wace ce? Ci gaba mana."

"Inna ce."

"Haka aka rubuta, Inna? Turawan sun san wata Inna? Karanta abin da ke wurin."

Na sunkuyar da kai don kunya. Ta yi ta dariya har da riƙe ciki, har ɗankwalinta ya zame. Da ta lafa ta matso ta sa ni in nuna mata wurin da yatsa. Ba ta karanta boko, amma ta daɗe tana kallon haruffan nan.

"Nan zai zauna?"

"Nan zai zauna, Inna. Duk inda aka ɗauki laburaren da tarihinsa, yana ciki."

"To ba laifi," in ji ta, ta tashi ta gyara ɗankwali. "Fito ki ci abinci, Iyawo."

Ke Ummi, bayan shekara biyu aka haife ki, ni na roƙi babanki a sa miki sunanta, shi ya sa ba ki taɓa jin na kira ki da sunanki na yanka ba. A cikin rubutun nan ma ba za ku same shi ba. Sau ɗaya na rubuta shi a rayuwata, kuma na san inda na ajiye shi. Firiza kuwa tana nan inda take. In ta tare miki hanya, ki kewaye.